Wutsiyar Noti a Garin Surukai

Ku samarin da kuke zama a bencin mai shayi kuna kallon rumfata, ina jin ku sarai. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan. Ran nan ɗayanku yake cewa wai aikin Baba Iliya ai na hutu ne, ka lanƙwasa fallen ƙarfe, ka yi masa ƙofa, ka shafa fenti, shi ke nan akwati ya haɗu. To, wannan da kuke hangowa riga ce kawai. Aikin yana ciki, inda ba wanda yake leƙawa.

Akwatunan da nake yi yanzu yawanci na sola ne, irin waɗanda ake kafawa a gindin tankin rijiyar burtsatse. A cikin kowanne akwai wani falle dabam da muke kira faranti. A jikinsa mai haɗa wuta yake ɗaure na'urar da take tuƙa famfo, da wayoyi da sauran tarkacensa. Farantin nan ba a manna shi da bangon akwati, sai an bar masa 'yar tazara kamar kaurin yatsa, iska ta bi ta baya, waya ma ta samu hanya. Abin tambaya shi ne, da me za ka riƙe shi? Na tsufa ina amsa wannan tambayar, kuma kowane akwati da irin amsar da yake so.

Wani mai sayar da magani ne ya fara buɗe mini ido, lokacin ina koyon aiki a wurin marigayi Malam Sule mai adaka a nan Kunci. Mutumin ya shigo rumfa da akwati a kafaɗa, babbar rigarsa a yage tun daga hammata har ƙugu. Wani ne can ya sa masa kanta a cikin akwatin da sukuru mai tsini, irin wanda yake huda wa kansa hanya. Daga ciki aiki tsaf. Daga waje kuwa tsinin ya fito jere kamar bayan bushiya. Malam Sule ya kama hannuna ya shafa a wurin, ya ce, "Ka ji ko? Kai kan ƙusa kake kallo in kana aiki. Jama'a kuwa da wutsiyarta suke gamuwa." Mai maganin ya ce shi ba karatu ya zo ɗauka ba, a gaya masa wanda zai ɗinke masa riga.

Malam Sule ba ya duba aiki da ido. In ka ce ka gama, sai ya ɗaga akwatin ya kara a kunne ya girgiza. In ya ji ƙyas, ko ƙanƙani ne, zai ajiye maka abinka ya tafi alwala. A wurinsa na koyi cewa ƙarfe ba ya ɓoye ciwonsa, sai dai a rasa mai saurare.

Akwai kuma wani mai cajin waya daga wajen Rimin Gado da ya kafe sai dai in sa masa ribiti, wai shi ne mai ƙarfi. Gaskiyarsa, ribiti yana da ƙarfi, ga shi kansa a lafe, ba ya kama riga. Amma ribiti aure ne da babu saki. Ranar da waya ta ƙone a bayan farantinsa, sai da aka sa injin huda aka ci kan kowane ɗaya, akwatin ya fito kamar rariya. Shi ya sa mu galibi noti muke sawa. Noti kuwa biyu ne, namiji mai dogon zare, da mace da ake murɗawa a kansa, sai washa a tsakani don kada su ci fallen. Yau ka ɗaure, gobe ka kwance, ba wanda ya ji ciwo. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne ka yi wa kan namijin walda daga ciki, bangon akwati ya zauna ba huda ko ɗaya. Sai dai wannan yana son wuta.

Wutar ce ta gagara a shekarar da fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Janaretana na rufe shi da buhu, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Na koma aiki irin na zamanin Malam Sule, guduma da kurfi da almakashin ƙarfe. Gajerun notuna ma suka ɓace a kasuwarmu, sai dogaye irin na amalanke. A ce in shiga Kano in nemo, ni da ko Makoda aka ce in je sai na kwana ina shawara da matashin kaina. Ni dai a bar ni a rumfata, in ji kiran salla daga masallacinmu, in shiga gida in tarar da tuwo.

A wannan shekarar aka kawo mini aikin akwatin rijiyar wani ƙauye can bayan Makoda. Ƙauyen su mai ɗakina ne, Hajara. Shugaban kwamitin ruwan kuwa mahaifinta ne, wanda ko a hirar nan ba zan kama sunansa ba, Baba kawai nake cewa. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu rijiyar, shi kuma ya ce a ba mijin 'yarsa aikin akwati. Ku yaran yanzu da kuke shan shayi da surukanku ba za ku gane ba. Ni in na hango Baba, takalmi nake cirewa in durƙusa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina durƙushe a gabansa zai dubi wani ya ce, "A tambayi mai akwati ya ya baro gida."

Na yi akwatin, na huda bayansa, na zura dogayen notunan nan daga ciki, na murɗa matan daga waje, da washa da 'yar roba saboda ruwan sama. Wutsiyar kowanne ta fito baya kamar tsawon ɗan yatsa. Aka kafa shi a kan ƙafafun ƙarfe a gindin tanki, bayansa yana kallon wani ɗan kwari inda ruwan da ya zube yake taruwa. Wani saurayi mai haɗa wuta, Nura, ya zo daga Kano ya jera kayansa a kan faranti. Yaron ya san aikinsa, wayoyinsa kamar kitso. Ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, na dawo gida.

Ba a daɗe ba aka kira ni a waya, famfo ya tsaya. Na je na tarar macen noti ɗaya ta sama babu ita, faranti ya sunkuya, ya fizge waya. Na sa wata, Nura ya zo ya mai da wayarsa. Aka jima kaɗan, aka sake kira. Wannan karon magana ta riga ta fara yawo a gari, kuma a kan Tanimu ta sauka.

Tanimu shi ne mai gadin rijiyar. Shi yake riƙe da makullin akwati da sifanar gyaran famfo, kuma a bakin aikin aka bar masa ɗan fili yana shuka alayyahu da yakuwa da ruwan da ya zube. Mutum ne mai raha, tun ina zuwa zance garin yake tsokanata. Jama'a suka ce lissafin a fili yake: noti ba ya kwance kansa, kuma sifana ɗaya ce a garin. Wasu har sun ce an gan shi a kasuwar Makoda kusa da masu kayan ƙarfe. Wa bai taɓa wucewa ta wurin masu kayan ƙarfe ba?

Zuwana na biyu da hantsi na isa, bazara ce, gari duk ya bushe. Na tarar da Tanimu a inuwar tanki ya rafka tagumi.

"Angon garinmu," ya ce, "ka zo ka ga ɓarawo?"

"Na zo in ga akwatina."

"Ni da zan yi sata, in rasa abin ɗauka sai macen noti? Ko miya ba ta yi."

Na sa sabuwar mace, na zauna kusa da shi muna jiran Nura. Muna cikin hira sai Baba ya wuce ta bayan tanki, muka durƙusa muka gaishe shi, ya nufi majalisarsa a gindin wata darbejiya can gaba. Jim kaɗan kunnena ya ɗauko wani abu. Ƙyas. Shiru. Ƙyas. Famfo ba ya aiki, iska ba ta kaɗawa, amma akwatina yana magana. Na tashi na zagaya.

Wani farin rago ne, ƙato, wuyansa kamar turmi, yana cin ɗanyar ciyawar da ta fito a kwarin nan, wadda babu irinta a duk garin a wannan lokacin. Igiyarsa kuwa an zarge ta tsaf a wutsiyar notina, ta kwanta a jikin macen. In ya cinye na gabansa sai ya miƙa wuya hagu, inda ciyawar ta fi tsawo, ya fizga. Ina tsaye ina kallo macen da na ɗaure da hannuna ta motsa.

Na yafito Tanimu. Ya duba, ya sake dubawa, ya dafe kai.

"Kullum a nan Baba yake ɗaure shi," ya ce a hankali. "Kowa yana gani. Wa zai kawo rago a maganar sifana?"

"To ai sai ka je ka faɗa masa."

"Ni? Mutumin da ya yanka mini ragon suna? Shi ya ba ni aikin nan. In je in ce masa, Baba, kai ne ɓarawon da kake nema? Kai ka faɗa masa mana, ai surukinka ne."

"Ai shi ya sa."

Muka tsaya mu biyu, manya da gemu, rago yana kallonmu yana tauna.

Na ce to bari in bi ta hanyar sana'a. In wutsiya ce matsalar, a yanke ta. Da azahar, bayan an tafi da ragon, na fito da zarto na ɗora a kan notin. Ja ɗaya na yi sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne, ya dawo daga masallaci. Na saki zarto na durƙusa.

Ya dubi Tanimu ya ce, "A gaya wa mai akwati ya bar ƙusar nan yadda take. Doguwar ƙusa ta fi ƙarko. Ba a ɓarnar ƙarfe a wannan zamanin."

Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce? Na mai da zarto jaka. Sai na ƙara mace ta biyu a kan ta farko na matse su da juna, dabarar da take riƙe noti ko a jikin injin niƙa.

A gida na kwashe labari na gaya wa Hajara, na ce ita ta je ta yi wa mahaifinta bayani cikin hikima. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ka manta ni 'yar fari ce? Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba? In na shiga zaure fita yake yi. Ta ina zan fara, ta rago ko ta noti?"

"To ki gaya wa Inna ta gaya masa."

"Ragon ai na Inna ne. Ita take ce masa ya kai shi inda ciyawa take."

Na ce a zubo mini tuwo.

Matan notin nan biyu sun yi ƙoƙari, ba su kwance ba. Sai ragon ya lanƙwasa namijin gaba ɗaya, ya yage hudar, faranti ya sake sunkuyawa. Mutane suka ce Tanimu ya ga an ɗaure da kyau shi ne ya sa ƙarfi. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai nisa, kowace ta dawo da tulu da baƙar magana. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko za a karɓi makulli a hannun Tanimu a gaban jama'a. A ƙauye in aka karɓi makulli a hannunka haka, ba aiki kaɗai ka rasa ba. Jikokinka ma sai an kira su jikokin ɓarawon noti.

Na kira Nura na ce ya zo ya cire kayansa zan tafi da akwatin gida. Ban gaya masa maganar rago ba. In baƙo ya ji kafin mai abu ya ji, ai tonon asirin ya fi muni. Ya ce, "Baba Iliya, ko ribiti za mu sa mu huta?" Na ce in mun huta yau, ranar da na'urarka ta yi tari fa? Ya ce to a juya notin, kai a waje, wutsiya a ciki. Na ce kan da yake waje sifana tana kama shi, gobe in wani abu ya faru Tanimu za a sake kallo. Ni so nake bayan akwatin nan ya zama kamar tafin hannu, ba abin kamawa, ba abin zargi.

Na kori kaji, na yaye buhu. Na tsiyaye man da yake cikin babur ɗina na ɗura wa janareta. Na yanko sabon falle na baya. Ba a yi wa noti walda kai tsaye a jikin siririn falle, wuta za ta huda shi. Sai na samo ƙarfe mai kauri guda biyu, shimfiɗaɗɗu, na kafa kawunan notunan a jikinsu, na rage tsawonsu daidai, sannan na ɗora su a bangon daga ciki. Nan ne wurin kunne. Ɗigo-ɗigo ake yi, da jiƙaƙƙen tsumma a baya. Walda mai lafiya ƙararta kamar ana suyar ƙosai a mai mai zafi. Da ka ji ƙarar ta fara zurfi, ɗaga hannunka, falle yana shirin ɓulewa. Ido ba ya ganin wannan sai bayan ta faru. Na gama, na gurje, na shafa fenti, na ɗaga na girgiza a kunne. Shiru. Janareta ya shanye man tas, sai ɗan acaɓa na hau ranar Juma'a, akwati a cinya, babur ɗina yana jingine a zaure.

Kafin a tafi masallaci mun kafa, Nura ya mai da kayansa, ruwa ya zubo. Amma hukunci yana nan, don gyaran akwati bai wanke kowa ba. Da aka sauko, 'yan kwamiti da 'yan kallo suka taru a gindin tanki. Tanimu yana tsaye da makulli a hannu, ya sa rigarsa ta Juma'a kamar wanda za a ɗaura wa aure. Ni ina gefe a durƙushe, ina ta juya magana a baki, ta ƙi fita.

Baba ya biya gida tukuna, sai ga shi da rago a hannu. Ya ce a ɗan dakata masa. Ya zagaya bayan akwati, igiya a hannun dama, ya miƙa hagu yana laluben wurin da ya saba, idonsa yana kan jama'a. Ya shafa sama. Ya shafa ƙasa. Ya juya ya duba da kyau.

"Ina ƙusar nan?" ya ce. "Wa ya cire mini ƙusar da nake ɗaure rago?"

Kowa ya kau da kai. Nura, da yake baƙo ne bai san dawan garin ba, yana naɗe waya ya ce, "Baba, wai a jikin notin kuke ɗaure shi?"

"Kullum. Tun da aka kafa."

"Wannan ƙaton?"

Daga nan shi ma ya ji irin shirun da aka yi, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe wayar da ya riga ya naɗe.

Baba ba yaro ba ne. Ya dubi igiya, ya dubi bayan akwati, ya dubi ragon, wanda a daidai lokacin ya hango ciyawa ya fizga har sai da Baba ya yi taga-taga. Wani dattijo ya kama tari. Wani ya ce shi ya tuna bai ba jakinsa ruwa ba, amma bai motsa ba. Ni ƙasa nake kallo, na ƙirga tururuwa har na rasa lissafi.

Can Baba ya ce, "Tanimu."

"Na'am, Baba."

"Mai da makullin nan aljihunka. Zo ka riƙe mini wannan ɓarawon. Ashe a gidana yake kwana, ni nake ba shi dusa."

Nan fa dariyar da aka danne ta ɓalle, har da masu cewa su dama tun farko ba su yarda ba. Tanimu ya karɓi igiya ya ce wa ragon, "Malam, ina ka ɓoye sifanar?" Baba ya bari aka lafa, ya ce a gaban kowa shi ya jawo wa Tanimu wannan magana, kuma duk wanda ya sake maimaita ta, da shi yake.

Sannan ya gyara tsayuwa, ya dubi wani dattijo da yake kusa da ni, kamar ba na wurin.

"A gaya wa mai akwati aikinsa ya yi kyau," ya ce. "Amma a tambaye shi, yanzu ni a ina zan ɗaure ragon?"